Daga Karofi Zuwa Ɗakin Gwaji: Amfanin Binciken Sinadarai a Jami'a

Sau da yawa in an zauna shawarar kuɗin da za a kashe wa jami'a, a kan sami mai tambaya ya ce, mene ne amfanin malamin da ya kulle kansa cikin ɗaki shekara da shekaru, yana zuba wannan ruwa cikin wancan, ba ya warkar da majinyaci, ba ya gina gada, ba ya yanke shari'a? Tambayar ba ta banza ba ce, gama kuɗin na talakawa ne. Amma ba dogon wa'azi ke amsa ta ba, sai misali. Misalin da na zaɓa kuwa shi ne baba, watau ganyen nan da a ke rini da shi, domin da wuya a sami wani cikin masu karanta wannan takarda wanda bai taɓa ganin karofi ba, ko bai ji warinsa ba.

Sai mu fara daidaita suna. Kalmar kimiyya daga Larabci muka aro ta, kuma asalin ma'anarta shi ne sanin yadda a ke juyar da wani abu ya koma wani. Turawa ma daga wannan tushe suka samo sunan da su ke kiran fannin da shi. Amma da ya ke yanzu kimiyya ta game dukan ilmin halitta a bakin Hausawa, sai aka koma ana ce wa fannin ilmin sinadarai. Sinadari kuwa, a da, abin da maƙeran farfaru ke like ƙarfe da shi ne. Da wannan suna za mu yi aiki a nan.

Abin da ke faruwa cikin rijiyar rini

Sa'ad da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne saƙa da rini. Ya ƙiyasta tufafin da a ke fitarwa daga Kano kowace shekara sun kai na wuri 300,000,000, ana kai su har Timbuktu da Murzuk da Tarabulus. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa rijiyoyin rini na ƙasar Kano sun kai dubbai a ƙarshen ƙarni na 19, kuma ya nuna cewa rijiyar da aka shafe da laso ita ta maye gurbin manyan tukwane, ta sa rini ya yi araha. Kura kuwa ta yi suna da turkuɗi, wanda Buzaye ke naɗawa.

To, me marini ke yi? Ya kan zuba ruwa a rijiya, ya zuba busasshen baba, ya zuba toka da katsin da aka ƙona, ya rufe ya bar ta kwanaki, sa'an nan ya riƙa motsa ta da doguwar sanda har kumfa ya taso yana ƙyalli. Da launin kumfan da warin ruwan ya ke gane ta nuna. In ya tsoma zane ya ɗago, ba shuɗi ya ke fitowa ba, kore-kore ne mai ratsin rawaya, sai ya sha iska kana ya juye shuɗi a gaban idon mai kallo. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, har launin ya kai inda mai zane ke so.

Kowane mataki cikin waɗannan yana da dalili, masana sinadarai kuwa sun bi su ɗai ɗai. Ɗanyen ganyen baba ba shi da shuni a cikinsa ko kaɗan. Abin da ke ciki wani sinadari ne marar launi, ana ce da shi indikan, wanda ke manne da sukari. In aka daka ganyen ko aka jiƙa shi, sai sukarin ya rabu, abin da ya saura ya gamu da iskar oksijin, biyu biyu su haɗu su zama shuni. Amma fa shuni ba ya narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba ya shiga cikin zare. Nan ne rijiya ke aikinta. Toka ta kan sa ruwan ya yi kaifi irin na kanwa. Cikin irin wannan ruwa waɗansu ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, su ke cin tarkacen ganye, su shanye iskar da ke cikin ruwan, sa'an nan su juyar da shunin ya koma wata kama mai narkewa, mai launin rawaya. Wannan ita ce ke ratsa zare. Da an ɗago zane iska ta buge shi, sai ta koma shuni kamar da, ta daskare cikin zaren, ruwa ba ya iya fitar da ita. Watau ba kama zaren shuni ke yi ba, maƙalewa ya ke yi a ciki. Shi ya sa a ke tsomawa sau da yawa, shi ya sa kuma guga ke koɗar da shi ko da wanki bai koɗar ba.

Marini ya san dukan wannan da hannunsa da hancinsa, ya kuma fi kowane malamin jami'a iya shi. Abin da ba shi da shi shi ne sanin siffar shunin kansa, watau me da me suka haɗu suka yi shi. Wannan sani kuwa shi ya raba gardama.

Salsalar malaman Jamus

A 1824 aka naɗa wani saurayi mai suna Justus Liebig malami a Jami'ar Giessen ta ƙasar Jamus. Abin da ya ƙaga a can shi ne ɗakin gwaji inda ɗalibi ke koyo da hannunsa, ya auna, ya ƙona, ya tace, maimakon ya zauna yana sauraron karatu kurum. Mu da muka saba da salsalar malamai ba za mu sha wuyar gane abin da ya biyo baya ba. Liebig ya karantar da August Hofmann, wanda ya tafi Landan a 1845 ya shugabanci kwalejin sinadarai. Hofmann ya karantar da William Perkin, wanda a 1856, yana ɗan shekara 18, ya tashi neman hanyar haɗa kinin na zazzaɓi, bai samu ba, sai ya ci karo da wani rini mai launin shanshanbale. Shi ne rini na farko da aka haɗa daga kwaltar gawayin ƙasa aka kai kasuwa. Sinadarin da ya yi aiki da shi sunansa anilin, sunan kuwa daga nila ya fito, watau baba da Larabci, domin daga shuni aka fara tatso shi a 1826.

Ta ɗaya reshen, Liebig ya karantar da August Kekulé, wanda a 1865 ya gane cewa ƙwayoyin kabon shida na sinadarin benzin a zobe su ke. Kekulé kuma ya karantar da Adolf Baeyer. Shi Baeyer ya fara binciken shuni a 1865. Ya haɗa shi cikin ɗakin gwaji a 1878, yana malami a Jami'ar Munich, amma bai tabbatar da siffarsa ba sai 1883: ƙwayoyin kabon 16, haidirojin 10, naitirojin 2, oksijin 2, kowace da mazauninta. Shekara 18 ke nan, kuma a dukan wannan lokaci bai rina ko ƙyalle ɗaya na sayarwa ba. Da mai tambayar nan tamu ya shiga ɗakinsa a shekara ta 10, lalle da ya ce a rufe.

Ko bayan 1883 ma da sauran tafiya, gama hanyar Baeyer ta fi noman baba tsada. Sai a 1890 Karl Heumann, malami a babbar makarantar fasaha ta Zurich, ya samo hanya mai sauƙi. Kamfanin BASF ya ɗauka, ya fito da shunin masana'anta kasuwa a 1897, bayan ya kashe kuɗin Jamus mak miliyan 18 cikin shekara 17 tun daga lokacin da ya fara gwada hanyar Baeyer. A wannan shekara shunin ganye da aka samar a duniya ya kai tan 19,000, mafi yawansa daga Indiya. Kafin 1914 ya faɗi zuwa wajen tan 1,000. Turawan da ke da gonakin baba a Bihar suka juya hasararsu kan manoma, kukan manoman nan kuwa shi ya kai Gandhi Champaran a 1917. Baeyer ya sami lambar Nobel a 1905.

Ribar ba ta tsaya ga rini ba. Da likitoci suka ga wani rini yana kama wata ƙwayar cuta ya bar naman jiki, sai suka ce ashe ana iya aika dafi ga cuta ta wannan hanya. Daga nan aka sami suramin a 1916, maganin ciwon barci, da furontosil a 1932, wanda ya buɗe ƙofar magungunan salfa. Duka biyu daga kamfanin rini na Bayer suka fito.

A ƙasarmu abin bai zo da gaggawa irin ta Indiya ba, domin marinanmu ba shuni su ke sayarwa waje ba, rinannen zane ne. Amma a hankali garin shuni na gwangwani ya shigo kasuwa, atamfa ta shigo, sha'awar mutane ta juya. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, da sauran da suka biyo ta, da rinin ƙasashen waje suka yi yawancin aikinsu har suka rufe a farkon wannan ƙarni. A marinar Ƙofar Mata, rijiyoyi ƙalilan ne suka saura da ruwa a ciki. Ni dai ban ga laifin Baeyer ba. Abin da na gani shi ne, ƙasar da ta haƙura da malaminta shekara 18 ita ta ci kasuwar, waɗanda ke da ganyen da gwanintar kuwa suka koma masu saye.

Ruwan da a ke zubarwa

Tsohuwar marina ba ta da shara. In rijiya ta mutu a kan kwashe katsi a cura a shanya a ƙona, wani a mayar cikin sabon haɗi, wani a gauraya da gashin jima da ruwan dafara a yi laso na shafe rijiya da soro. Rinin zamani ba haka ya ke ba. Maimakon ƙwayoyin halitta da toka, da soda mai ƙuna da wani farin gari mai ƙibiritu a ke narkar da shunin cikin minti kaɗan, in an gama kuma a tuttular da ruwan a kwata.

Jima ma haka ta juya. Majema na da, da bagaruwa su ke jima, abin da ke aiki cikin bagaruwa kuwa shi ne tanin, sinadarin nan mai bauri da ke ɗaure zaruruwan fata ya hana ta ruɓa. A 1858 Bajamushe Friedrich Knapp ya nuna cewa gishirin wani ƙarfe, kuromiyam, yana yin wannan aiki, yau kuwa da shi a ke jeme mafi yawan fatun duniya, domin aikin makonni ya koma na yini guda. Masana'antun fata na Kano a Bompai da Sharaɗa da Challawa sun bi wannan hanya, ruwansu kuwa ya gangara Jakara da kogin Challawa, inda masu lambu ke ban ruwa.

Ido ba ya ganin kuromiyam cikin ruwa, harshe ba ya jin darma cikin latas. Wa zai gaya wa hukuma yawan abin da ke ciki? Sai mai awo. Awon kuma daga ɗakin gwajin jami'a ya samo asali. A 1859 da 1860 Robert Bunsen, wanda shi ma ya karantar da Baeyer, tare da Gustav Kirchhoff, suka nuna a Jami'ar Heidelberg cewa kowane ƙarfe in an sa shi a harshen wuta yana da hasken da ya keɓanta da shi, kamar yadda kowane gida ke da tsagarsa. Na'urorin da ke auna ƙarfe cikin ruwa yau jikokin wannan gwaji ne. Da irinsu malaman Jami'ar Bayero da na Jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibansu suka yi ta auna ruwa da ƙasa da ganyayen waɗannan wurare, suka sha samun ƙarafa masu cutarwa fiye da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke. Ko an yi aiki da abin da suka rubuta, wannan wata magana ce, ta mahukunta ce kuwa. Amma in babu awon, ko ƙara ba ta shiguwa.

Abin sha'awa, masu neman magance dattin rinin zamani baya suka koma. A 1999 masana a Jami'ar Reading ta Ingila suka ware ƙwayar halittar da ke narkar da shuni cikin tukunyar rini irin ta Turawan da, suka sa mata suna. Masanan Japan sun yi haka da tukwanen ƙasarsu. A 2018 kuma waɗansu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka sarrafa wata ƙwayar ta riƙa haifar da indikan, watau abin nan da ke cikin ɗanyen ganye, don a rina wandon jins ba tare da farin garin nan ba. Abin da su ke nema da miliyoyin kuɗi, irinsa na kwance cikin rijiyoyin Kano da Kura da Zariya.

Ga malaman kwalejin horon malamai

Kukan da a ke yi kullum shi ne babu kayan gwaji a makarantu, don haka yara ke haddace sinadarai kamar mai haddace sunayen garuruwan da bai taɓa zuwa ba. Gaskiya ne babu kaya. Amma darasin karɓar oksijin da rabuwa da ita, wanda ya fi kowane darasi ba ɗalibai wuya, ga shi a fili a bakin karofi. Malami ya tsinko ɗanyen baba ya jiƙa cikin ruwan ɗumi ya kwana, ya tace, ya zuba ruwan toka, ya ba yaro ya yi ta kaɗawa, za su ga kumfa ya juye shuɗi. Ruwan zoɓo kuma in an matsa masa lemon tsami ya kan ƙara ja, in an jefa masa kanwa ya juya kore-kore, ga ma'aunin tsami da kaifi ke nan ba da ko kwabo ba. Sai dai malamin da bai taɓa yin bincike da hannunsa ba ba ya ganin darasi cikin waɗannan abubuwa. Shi ya sa na ke ganin babbar ribar ɗakin gwajin jami'a ita ce mutanen da ya ke fitarwa, kamar yadda ribar ɗakin Liebig ta zama Hofmann da Kekulé.

Kayan tarihi

Masu nazarin tarihi su ma sun ci moriyar wannan fanni. A 1949 Willard Libby na Jami'ar Chicago ya fito da hanyar sanin shekarun abin da ya taɓa rayuwa. Akwai wani irin kabon da itace ko dabba ke ɗauka muddin suna da rai, in sun mutu kuwa ya riƙa raguwa, rabinsa na tafiya cikin shekara 5,730. Da wannan awo aka san cewa kwalekwalen da wani makiyayi ya tarar yana haƙa rijiya a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987, wanda malaman Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono, ya kai wajen shekara 8,000. Da shi kuma aka san tufafin da aka samu cikin kogunan duwatsun Bandiagara na ƙasar Mali, masu ratsin baba, sun faro tun ƙarni na 11. A 2016 aka tabbatar da shuni jikin wani ƙyallen auduga na Huaca Prieta a ƙasar Peru mai shekara wajen 6,000. Shekarar 1498 da a ke ba marinar Ƙofar Mata daga bakin magabata ta zo. Gawayin da ke cikin tsofaffin tudun katsi abin aunawa ne, kuma shi ne shaidar da za a ajiye kusa da ruwayar.

Littattafanmu na hannu su ma suna bukatar mai awo. Tawadar gawayi da ƙaro ba ta cin takarda, amma danshi na wanke ta. Tawadar da aka haɗa da bagaruwa da ƙarfe kuwa ba ta wankuwa, amma tsaminta da ƙarfenta su kan ci takarda a hankali, har harafi ya zama huda. Duka biyu baƙaƙe ne a ido, maganin ɗaya kuwa ba shi ne na ɗaya ba. Mai adana littattafai a Gidan Arewa na Kaduna ko a Sakkwato, in bai san wace ce a gabansa ba, yana iya ɓata littafin da nufin gyara.

Saura abin da ya shafe mu, mu na sashen Hausa. Rini ya shiga harshe har ya zama karin magana, kowa ya san "a rina, an saci zanen mahaukaciya". Amma kalmomin cikin sana'ar, waɗanda marini ke faɗa wa yaronsa a bakin rijiya, na kumfa da wari da ƙarfin ruwa da cututtukan rijiya, ƙamus ɗin Bargery na 1934 bai ƙure su ba, masu su kuwa tsofaffi ne. In masanin harshe ya tafi shi kaɗai, kalma zai rubuto ba tare da ya san abin da ta ke nufi cikin ruwan ba. In masanin sinadarai ya tafi shi kaɗai, lambobi zai kwaso ba tare da ya san wace sa'a ce marini ke cewa ta nuna ba. Shawarata ita ce su tafi tare, su zauna da rijiya ɗaya tun daga ranar haɗi har ranar da ta mutu, ɗaya na rubuta abin da marini ya ce, ɗaya na auna kaifin ruwan da zafinsa a daidai wannan lokaci. Su kuma ɗebo ruwan kowace rijiya mai rai a ajiye cikin sanyi, da sunan garinta da unguwarta a jikin kwalbar, domin ƙwayoyin da ke ciki a san irinsu tun ba a cike rijiyar an yi gini a kanta ba.